Asabar Ɗin da Na Bi Sawun Agwagwar Roba

Duk kasuwar Lafia babu mai hancin gano macuci irina. Riɗi da agushi nake saye, kuma in mutum ya cuɗa yashi a buhu tun daga Kwandere, ina zaune a shago nake fara atishawa. Saboda haka da 'yata ta biyu ta fara saɓa jakar laftop duk Asabar, wai za ta Shabu taron masu rubuta manhaja, hancina ya motsa.

Matasa su taru a ɗaki, kowa da kwamfuta, ba malami, ba kuɗin makaranta, ba satifiket? Ai mun san sunan wannan sana'a a garin nan. Abin da ya ƙarasa ni, wata safiya na leƙa ɗakinta na tarar ta girke 'yar agwagwar roba a gaban laftop tana yi mata bayani ƙasa-ƙasa. Can sai ta dubi agwagwar ta ce, "Yauwa, na gode."

Na sami uwarta a kicin. Na ce, "Damfarar ta wuce ta waya, an kai ga tsafi. Asabar ɗin nan in na ga abin da nake zato, ta gama zuwa, laftop ɗin kuma sai kasuwa."

Ta ce, "Malam, kai da ko lambar waya sai an ajiye maka?"

Ranar na ɗauki okada daga Azuba, inda muke zaune, na ce wa mai okadan ya bi nata daga nesa. Wani aji ne aka ara musu, janareto na ta tari a baya. Ta taga na ƙirga agwagi uku. Wani ma ƙadangaren roba ne a gabansa, na ce to, ga babban bokansu nan.

Mai shirya taron, wani dogon saurayi ɗan Tibi, ya hango ni. "Baba, shigo mana, kujera yana nan." 'Yata ta cusa fuska cikin hijabi. Aka miƙo mini farantin ƙosai na ƙi, don ban san abin da aka tofa ba. Da na ga kowa ya ci bai faɗi ba, na ɗanɗana bakwai.

A gefena wani matashi na ta susar kai, wai kwana uku aikinsa ya ƙi tashi. Na tsaya a kansa na ce, "Wa kake shirin cuta? Karanta mini, layi-layi, kada ka tsallake ko ɗigo."

Ya ce na manoman doya ne, don su san farashin ƙwarya, wato doya ɗari, kafin dillali ya iso gona. Wannan layin yana ɗaukar sunan kasuwa, wannan yana ɗaukar farashi, wannan kuma... Sai ya tsaya. Ya goge wani abu, ya buga wani, allon ya cika da sunayen kasuwanni. Ɗakin ya ɗauki tafi, ni kuwa na gyara hula.

'Yata ce ta ja ni gefe. Ta ce al'adarsu ce: in aiki ya cije, sai ka yi wa abin da bai san komai ba bayani tun daga farko, a bakinka za ka ji kuskurenka. Amfanin agwagwar ke nan. Na ɗauki tata na jujjuya, na shinshina, na latsa cikinta ko akwai laya. Kuka kawai agwagwar ta yi.

Na ce wa 'yar tawa ta ci gaba da zuwa, laftop ɗinta ya tsira. Sannan na sanar da ɗan Tibin cewa tunda kowa ya ga abin da na warware cikin minti biyu, zan riƙa leƙowa a matsayin mai ba da shawara.

Ya ce, "Baba, ka zo mana. Aikin agwagwa ka yi, kuma ka iya sosai. Sai dai shi agwagwa ba ya cin ƙosai."