Malamin Gona da Ɓawon Albasa

Tsofaffin Mahuta har yau ba su manta da Malam Maharazu ba, malamin gonar da aka turo musu 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Ɗan Funtua ne, mahaifinsa leburan gidan gurzar auduga. Bayan ya yi karatun aikin gona a Zariya sai ya dawo da keke, da akwatin ƙarfe, da wani ɗan madubin likita da malaminsa ya ba shi, irin wanda ake duba abin da ido ba ya gani. Dogo ne, mai yawan dariya, ga son fura.

A lokacin takin zamani baƙo ne. Manoma na yi masa kallon tsoro, sai Labo, wani dattijon Bamaguje mai gandu babba, shi ya fara karɓa. Maharazu ya gwada masa yadda ake zubawa, ɗan kaɗan, nesa da gindin shuka, ya hau kekensa ya wuce wani ƙauye. Labo kuwa ya ga abin alheri ai ba a yi masa rowa, ya riƙa cika tafin hannu yana tulawa a gindin dawa.

Ba a jima ba dawar ta langwaɓe, ganye ya ƙone, alhali ƙasa da danshinta. Labo ya iske Maharazu a ƙofar gidan mai gari, ya jefa masa tsiron dawa a gabansa.

"Malam, guba ka kawo mini?"

Maharazu ya je ya ga gonar, ya san ya yi gaggawar tafiya ran nan. Washegari da hantsi ya ɗauki madubinsa sai gidan Labo. Ya roƙi Marka, matar Labo, jar albasa da gishiri. Ya ɓare siririn ɓawo, ya shimfiɗa a kan gilashi da ɗigon ruwa.

"Baba Labo, rufe ido ɗaya ka leƙa."

Labo ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. "Ɗakuna nake gani, a jere, kamar saƙar zuma."

"Su ne ƙwayoyin halitta. Dawa, da ni, da kai, duk da su aka gina mu. Kowane ɗaki cike yake da ruwa, shi ya sa ganye ke tsayawa ƙyam."

Sai ya ɗiga ruwan gishiri a gefe. Labo na kallo jan da ke cikin ɗakunan ya fara tsukewa, yana janyewa daga bango.

"Kai! Suna ramewa!"

Maharazu ya ce masa kowane ɗaki yana da wata siririyar fata a ciki, tana barin ruwa ya wuce amma tana tare gishiri. Ruwa kuma kullum ɓangaren da gishiri ya fi yawa yake bi. Takin nan ɗan'uwan gishiri ne. Da ya yi yawa a gindi, maimakon saiwa ta sha ruwa daga ƙasa, sai ƙasa ta shanye na saiwa.

Marka ma ta leƙa, ta yi dariya. "Ashe shi ya sa yankakken gauta ke tsatsafo da ruwa in na barbaɗa masa gishiri."

Dawar dai ba ta tashi ba. Maharazu ya tuɓe riga, ya ɗauki fartanya, suka sake shuka wurin da wake. Da damina ta zagayo Labo ya zuba taki daidai kima, har mutane suka riƙa zuwa daga nesa kallon zangarniyarsa. Daga nan duk ranar kasuwa sai an taru a gindin tsamiya, wannan ya kawo ganyen rama, wancan fiffiken ƙuda, a leƙa, a yi ta salati da shewa.

Ana cikin yaƙin basasa aka mayar da shi Malumfashi. Ranar tafiyarsa Labo ya ɗaure masa zabi biyu a bayan keke, ya raka shi har bakin rafi. Tsoho ya tsaya a nan, hannu a goshi yana tare rana, har keken ya shige cikin gonakin auduga.