Shingen da ke bayan Kawu Sahabi a hoto

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga Maradun: an tsamo gawar Kawu Sahabi mai albasa da babur ɗinsa daga ramin da 'yan kwangila suka kwashi jar ƙasa a bakin sabuwar hanya. Ruwan sama ya cika ramin har ya shafe gefen titi, bai gane inda hanya ta ƙare ba.

Bawan Allahn nan bai taɓa zuwa cin kasuwar Talata Mafara ya wuce shagona bai ajiye wa iyalina albasa da rake ba.

Da bashin ƙasar waje ake yin hanyar. Da farko masu kuɗin kan turo mutanensu su duba aiki. Daga baya suka ce dokarmu ta kare muhalli da jama'a ta wadatar, mu duba kanmu, a riƙa tura musu hoto. Dokar ba ta da laifi: in ka haƙa rami ka kewaye shi, in ka gama ka cike.

Kawu yana cikin kwamitin gari. Ganinmu na ƙarshe, yana ɗaure buhu, ya ce da ni game da 'yan kwangilar:

"Ɗana, shinge guda ɗai ag gare su. Su kahwa shi, su tsai da ni gaba, su ce in yi murmushi, su ɗauki hoto, su naɗe abinsu sai rami na gaba. Shingen ga ya hi ni yawo."

Ya je ofishin kamfanin da ke yin hanyar ya kai kuka. Aka ba shi lemo da hula mai tambarin aiki.

Ɗazu na ga kamfanin ya saka ta'aziyya a shafinsa, wai sun yi rashin uba. Ko kunya babu, da wannan hoton suka saka: Kawu yana murmushi, bayansa shinge tsaf, bayan shingen ramin da ya ci shi.

Ku riƙe ta'aziyyarku, ba ma so. Wanda ya naɗe shingen da wanda ya ga hoto ya sa hannu daga cikin ofis mai sanyi, Allah ya isa tsakaninmu da ku. Allah ya sa fuskar nan ta riƙa zuwar muku duk lokacin da kuka kai loma baki.

Allah ya jiƙan Kawu, ya karɓi shahadarsa. Don Allah ku sa shi a addu'a, shi da masu bin hanyar nan gobe, don har yanzu ramin a buɗe yake.