Abin da Lawan Italiya Bai Gani Ba

Duk wanda ya daɗe a Gyaɗi-Gyaɗi ya san Lawan Italiya. Shi ne mai zama bakin titin Zariya da yamma, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana jiran wani ya yi kuskuren buɗe baki. In ka ce yau ana sanyi, ya ce kai ka san sanyi? In ka yaba shayi, ya ce ai ba ka sha kofin Nafoli ba. Mutane suna dariya, suna cewa ya haɗiyi rediyo. Ni ba na dariya. Ni ce Asabe, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk ranar da na ji ya fara “lokacin da muke Italiya” sai in tashi in ba shi wuri.

Shi ne ɗan farin Innarmu, Inna kuwa mutumiyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Yayanki” take cewa, ko “wancan”. In ya shigo gaishe ta, sai ta kau da kai wajen bango ta amsa a taƙaice. Tuwonsa ma ni take miƙa wa in kai masa. Haka muka taso muka gani, ba wanda ya ɗauki abin a matsayin ƙiyayya. Shi ma ya saba, har ya daina kallon inda take.

Kansa yana ja, wannan ban hana shi ba. A 1974, bayan rasuwar Baba, gwamnati ta tura shi Italiya karatun shekara biyu, wai ya koyo jimar fata ta zamani. Jima fa! Abin da majema ke yi a cikin birni tun kaka da kakanni da bagaruwa da toka, shi ne sai an hau jirgin sama. Ranar tafiya ya ɗaure wuya da kwat yana ta zufa, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna. Tana tsince wake a faifai, ta ce “Allah ya tsare,” ba ta ɗago kai ba.

Zamansa a can na haddace shi kamar karatun allo, don na ji shi har ya ginshe ni. Garin sunansa Nafoli, a bakin teku. Ya kama ɗaki a saman bene, a gidan wata tsohuwa da mijinta ya mutu. Agogo ke tashinsa da asuba tunda babu ladan. Ya yi sallah, ya sauko ya sha kofi a tsaye a wani ɗan kofi kamar na wasan yara, ya hau bas zuwa makaranta, inda warin fata, in ji shi da bakinsa, ba shi da bambanci da na majemar gida. Rana taliya, dare taliya, yana ba mu labarinta sai ka ce ba mu da injin murza ta. Nama ya bari don tsoron alade, ya koma kifi da ƙwai. Ran Asabar ya yi wanki ya shanya a igiyar da aka ɗaura daga tagarsa zuwa tagar maƙwabta, ta ƙetare titi. Azumi ya same shi a can, shi da wani ɗan Sudan suna leƙen taga suna jiran ta faɗi.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne labarin tsohuwar nan mai gidan. “Mamma” yake ce mata. Ya san gwiwarta da ke ciwo, ta hagu ce. Shi ke ɗauko mata kwando daga kasuwa, shi ke riƙe ta a matakala. Da yake idonta ya yi rauni, shi ke zura mata zare a allura, ya zauna ya karanta mata jarida. Yana faɗa yana murmushi, wai har ta ce shi ɗanta ne.

Lahadi da ranakun hutu kuwa na yawon buɗe ido ne. Katunan hoto suka yi ta zuwa mana. Ya hau dutsen da ke aman wuta. Ya je wani gari da toka ta binne da mutanensa, aka tono shi. Ya je Rum ya ga kangon da a da ake haɗa mutum faɗa da zaki, ya jefa kwabo a wani ruwa don wai ya sake dawowa, ɗan Musulmi da shi. A Fisa ya yi hoto kamar yana tare wata hasumiya da ta karkace da tafin hannunsa. A lokacin katangar gidanmu ta yi damina biyu a karkace, mijina Isyaku ne ya samo azara ya tokare ta.

Ni ina aure a Tarauni. Kullum in na sallami yara sai in ratsa gonaki in zo Gyaɗi-Gyaɗi in duba Inna. A shekara ta biyu na fara lura. Ta zuba ruwa gefen randa. Ta yi tuntuɓe da turmin da ya fi ni daɗewa a gidan. Isyaku ya ɗauke mu a bas ɗin da yake tuƙawa zuwa asibitin ido. Likita ya daɗe yana haska ta, sannan ya ce ciwon ya shigo a ɓoye ya ci jijiya. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu, amma ba zai tsayar da shi ba.

Da muka dawo gida ta sa na rufo ƙofa.

“Asabe, zan gaya miki wata magana, kada ki yi mini dariya. Yaron nan ban taɓa cika idona da shi ba. Ƙeyarsa na sani, da irin tafiyarsa. Yana jariri in yana barci nakan saci kallo, sai kakarku ta yi gyaran murya in kau da kai. Ina so ranar da ya dawo in ajiye kunya in dube shi sosai, sau ɗaya, kafin a kashe mini fitilar.”

Ban yi dariya ba, kuka na yi. Ta ce kada in ɗaga masa hankali yana tsakiyar karatu, na ce to. Na bari sai farkon daminar 1976, da na san ya gama jarrabawa, na rubuta masa: idon Inna yana tafiya, da ka gama ka taho, kada ka tsaya ko'ina.

Amsa ta zo a bayan katin hoto mai jiragen kwale-kwale. Wai a saya mata magani a kemis, zai taho mata da tabarau mai kyau. Wai tunda ya zo nan, asara ce ya koma bai ga Banis ba, garin da titunansa duk ruwa ne. Har da ƙara mini da cewa tafiya mabuɗin ilimi. Daga Banis sai Milan. Guzuri ya ƙare, ya kama aiki a wata majema, ya tara, ya wuce Faris ya hau hasumiyar ƙarfe. Ko a jikinsa, an tsikari kakkausa.

Inna ta koma zama a kan tabarma tana fuskantar ƙofar zaure. Duk tsayuwar wata sai ta tambaye ni wane wata muka shiga. Da Ƙaramar Sallah tana iya ganin ƙofar kamar farin ƙyalle, in mutum ya shigo ta ga inuwa ta gifta. Kafin Babbar Sallah ta daina tambayar wata. Isyaku ya zo da igiya ya ɗaura mata daga ƙofar ɗakinta zuwa banɗaki, ta riƙa bi da hannu.

Sai bayan Babbar Sallah da wata biyu Lawan ya sauka, da gashi tuli a ka, da wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa. Muna jin tsayuwar tasi Inna ta damƙe hannuna.

“Kada ki gaya masa. Kada kowa ya gaya masa. Ku bar shi ya gani da kansa.”

Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya gaishe ta. Ta juya fuska wajen bango ta amsa, kamar yadda ta saba. Ya miƙo tabarau a gidansa na fata, ni na karɓa. Bai ce a gwada ba. Ya miƙe ya fita wajen abokai.

Na ce bari in ga gudun ruwansa. Kwana ɗaya, biyu, mako guda. Mutumin da ya san gwiwar da ke wa wata tsohuwa ciwo a Nafoli, yana kwana a shagon zaure, yana cin tuwon gidan nan, bai lura cewa uwarsa ta daina girki ba. Bai lura ni ke sa mata hannu a kwano ba. In ya shigo ta kau da kai sai ya ce a ransa kunya ce. Igiyar nan kuwa kullum sai ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashinta. Wata safiya na tarar ya shanya tawul ɗinsa a kai, yana gaya wa maƙwabciyarmu Saratu cewa haka suke shanya a can. Na cire tawul ɗin na jefa shi a kwata, na ce iska ce.

Ran Juma'a bayan la'asar ya ce a tara mata da yara, zai nuna mana Italiya. Ya fito da wani ɗan akwati mai ido ɗaya, irin wanda alhazai ke kawo wa yara na kallon Makka, sai dai nasa ana zura hotunan ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga shi wajen haske a leƙa. Tsakar gida ya cika. Saratu ta leƙa ta yi salati, ta ce gidaje a cikin ruwa. Yara suna ture-ture. Shi kuma bakinsa bai huta ba: nan ne makaranta, wannan ce Mamma, ga dutsen, ga shi a kwale-kwale. Inna tana kan tabarmarta a ƙofar ɗaki, fuskarta a gefe.

Can sai ya zaɓi wani hoto ya zura, ya matso ya tsuguna.

“Inna, yau dai ki daure ki ajiye kunyar nan ki ga wannan. Ni ne a saman hasumiyar Faris, gari duk yana ƙarƙashina.”

Duk matan da ke wurin sun sani. Inna ta miƙa hannu, ba daidai inda yake ba, ya sa mata akwatin a tafi. Ta shafa shi ta kai fuska, ta juya shi wajen bango.

Ya yi dariya. “A'a, Inna, ba haka ba. Ɗaga shi za ki yi wajen haske.”

Ta ce, “Ta ina hasken yake?”

Dariyar ta tsaya masa a baki. Rana tana nan fal a tsakar gida, tana dukan fuskarta. A lokacin ne ya dube ta. Ya dubi idon, ya dubi igiyar da ke saman kansa, ya bi ta da kallo har banɗaki. Sai ya juyo kaina.

“Asabe, me ya sa ba ku gaya mini ba?”

“Yaya, na gaya maka. Ka ce a je kemis.”

Inna ba ta kula mu ba. Ta ajiye akwatin a cinyarta, ta juyo da fuskarta sosai wajen da take jin numfashinsa. Tun da nake ban taɓa ganin ta fuskance shi haka ba. Ta daɗe a haka, idanun a buɗe.

“Asabe,” ta ce, “faɗa mini kamanninsa. Ya yi kama da babanku?”

Na dubi Lawan. Ba tausayinsa na ji ba, kuma har yau ban ji ba. Na ce, “Ga shi nan a gabanki, Inna. Ya faɗa miki da kansa, ai ya iya ba da labarin abin da ya gani.”

Muka jira. Mata suka fara jan yaransu suna fita ɗaya bayan ɗaya. Lawan Italiya yana tsugune a gaban uwarsa, har aka kira magariba bai ce komai ba.