Fulatancin Dokas Mai Kitso

Ba zan ɓoye ba, shekara goma sha biyar na yi ina kishin Dokas mai kitso, alhali ba ta ci mini komai ba. Ba ta fi ni kyau ba, ba ta fi ni zannuwa ba, girki kuwa ko kusa. Baki kawai ta fi ni, kuma shi ɗin ne abin da nake nema.

Dokas 'yar Tangale ce daga wajen Billiri. Ta zo Gombe shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa, ita da mijinta Alfred da ya sami aiki a injin gurzar auduga. Suka kama haya a Bolari, katanga ɗaya ce tsakaninmu. A lokacin Hausarta ma abin tausayi ce. Amma ba a yi wata shida ba sai ga ta a kasuwa tana taya tumatir har tana yi wa mai shi ba'a.

Ni kuwa sunana Delu, iyayena Kanawa ne, a Tudun Wada aka haife ni. Aure ya kawo ni gidan Bappayo tela, ɗan farin Inno. Inno Bafillatana ce daga ƙauyukan Dukku, Hausarta ta gaisuwa ce da sayen gishiri. In ta ɗan jima tana yi sai ta ce muƙamuƙinta ya gaji. A gidansu matar ɗan fari ba ta zama tabarma ɗaya da uwar miji, ba ta kallon idonta, ba ta jan ta da hira. In durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta, in ajiye ƙwarya, in tashi. Ita ma ko sunan ɗanta ba ta kamawa, balle nawa.

Duk da haka ina son tsohuwar nan har cikin raina. Da na haifi Asta, ita ta yi mini wankan jego kwana arba'in, ita ce hura wuta, ita ce dama kunun kanwa, ba tare da mun yi magana goma ba. Ranar da aka gama na ɗauki alkawari tsakanina da Allah cewa wata rana sai na zauna gabanta na gode mata da harshenta, mun yi hira irin ta 'ya da uwa. Na taɓa yin ajin yaƙi da jahilci, don haka na sayi littafi mai layi. Duk kalmar da na tsinta a tsakar gida ko a bakin masu tallar nono sai in rubuta, in tambayi Bappayo ma'anarta, in mayar da littafin ƙasan akwati. Na ce ba zan buɗe baki ba sai Fulatancina ya nuna sarai, don ba zan iya jure Inno ta ji na yi kwaɓa ba.

Dokas ba ta da littafi, ba ta da kunyar kowa. Sana'arta kitso, a gindin dogon yaron ƙofar gidansu. Matan rugage in sun sayar da nono sai su biyo ta wajenta, ta dasa kan mace tsakanin gwiwoyinta awa uku, mai kai ba ta da wurin gudu. Duk abin da aka faɗa sai ta maimaita, ta maimaita shi a karkace, su yi dariya har da hawaye, ita ma ta taya su. Sannan ta ɗan ja gashin ta ce, "To gyara mini mana, in ba haka ba kitson nan ba zai ƙare yau ba." Ina jin su ta kan katanga, ina gyara kurakuranta a zuciyata ɗaya bayan ɗaya, ina tsaki.

Ba a jima ba ta fara shigowa yi wa Inno kitso duk bayan mako biyu. Ranar farko ta yi sallama ta ce, "A waali jam, Inno?" wato an kwana lafiya, da wata murya kamar mai tallar gyaɗa. Inno ta ɗago kai da sauri, fuskarta ta washe. Tun da na zo gidan ban taɓa ganin haƙoranta na ciki ba sai ran nan. Ina madafi da muciya a hannu, ina hangen su. Gaisuwar nan tana shafi na farko a littafina, na fi shekara biyu da haddace ta.

Haka aka yi ta tafiya. Dokas ta san sunayen shanun da Inno ta yi kiwo tana yarinya, ta san wace ƙanwarta ce suka ɓata, ta san ƙafar da ke yi mata ciwo da damina. Ni ma na sani, amma ta taga na ji. A kan Fulatancin ta ƙara Barbarci daga wata maƙwabciya, da ɗan Turancin da ta kwaso a coci. Ni kuma na cika littafi na biyu.

Shekarar da ta biyo bayan ƙarin albashin Udoji wata ɗaliba ta zo daga jami'a, Malama Safiyyatu, da rikoda rataye a kafaɗa. Ta ce bincike take yi a kan yadda manya ke koyon harshen da ba nasu ba. Duk wanda ta tambaya a Bolari sai ya nuna mata gidan Dokas. Bappayo kuma, da shegen surutunsa, ya ce ai matarsa ma tana da littattafai. Ta gwada mu rana ɗaya. Ta nuna mana hotuna ɗari, mu faɗi sunayensu da Fulatanci. Na ci casa'in da huɗu, Dokas ta ci sittin da 'yan kai. Wallahi har wuyana ya ƙara tsawo.

Sai ta danna rikoda ta ce, "Yaya Delu, ba ni labarin abin da kika yi jiya, daga safe." Na buɗe baki. Kalmomin duk suna nan, ina ganinsu kamar kwanuka a jere, amma na rasa wanda zan fara ɗauka. Kaset yana ta juyawa. Da aka zo kan Dokas, sai da kaset ɗin ya ƙare aka juya shi.

"Da wa kike yin Fulatancin kullum?" Malama Safiyyatu ta tambaye ni.

Na ce, "Ba kowa."

"To shi ne. Kin fi ta sani, ita kuma ta fi ki yi. Duk waɗanda na gwada, masu sakin baki su ne masu abokin hira da ba sa tsoron ya yi musu dariya. Ga tsohuwa a gida, me ya fi wannan?"

Na ce a raina, yarinya, ba ki san gidan Fulani ba. Kafin ta tafi ta ɗauki hirar Inno da Dokas ana kitso, ta bar wa Dokas kaset guda. Ina madafi ina daka a lokacin, ina jiyo sunana sama-sama a bakin Dokas, na tabbata da ni ake.

Washegari Dokas ta leƙo ta ce, "Maman Asta, ran kitso ki zo ki riƙa miƙo mini man shanu mana. Ki zauna kusa, ki sa baki. Inno za ta ji daɗi, ita ta..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "Maman Jesse, ban nemi tafinta tsakanina da uwar mijina ba." Ta dube ni, ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta koma gida. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Bayan shekara biyu ciwo ya kwantar da Inno, 'yar Hausar tata ma ta gudu gaba ɗaya. Dokas ta ajiye kitso, kullum da hantsi tana gefen gadonta. Ranar ƙarshe na zo da kunu na durƙusa a bakin ƙofa. Godiyar wankan jegon nan tana bakina, na shirya ta tsaf, na maimaita ta a madafi sau uku. Inno ta juyo ta zuba mini ido, ta daɗe. Na ce, "Sannu, Inno," da Hausa, na ajiye kofin na fita. Kafin la'asar Inno ta cika, hannunta cikin na Dokas.

Bayan sadakar arba'in Dokas ta shigo da rediyon Alfred mai cin kaset, ta ajiye a kan tabarma. Ta ce, "Ba zan fassara miki ba, kin fi ni ji." Ta danna, ta fita.

Muryar Inno ta cika ɗakin, da ƙarar taɓaryata daga nesa. Na ji Dokas tana tambayarta ko Delu tana jin Fulatanci. Inno ta yi 'yar dariya ta ce, "Tana ji sarai. Kafin in gama aiken Asta, uwar ta riga ta miƙo abin. Na san da littafin nata ma. Da gangan nake ɗaga murya a tsakar gida, in yi magana in dakata, ko za ta amsa. Ita tana jin kunyata, ni kuma ba ni zan ce ta daina ba, ba a yin haka. Ki ce mata ta zo ta zauna. Ko a karkace ne ta faɗa, ina so in ji a bakinta."

Daga nan Inno ta yi shiru a cikin kaset ɗin, irin shirun da na saba ji a tsakar gida shekara da shekaru ina zaton numfashi take mayarwa. Babu abin da ke tashi sai dakana.

Na ce, "Mi nani, Inno," wato na ji. Kalma biyu ne, kuma ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Dokas tana nan a Bolari tana kitsonta, yanzu Yarabanci take ɓatawa wajen matan masu gyaran mota, suna dariya tana taya su. Ran Talata nakan je in zauna in riƙa miƙa mata man shanu. Har yau in na ji ta saki baki sai raina ya sosu, don ita ta sha hirar shekara goma sha biyar da Inno, ni kuwa kaset na amsa wa.