Dalma a Tandun Kaka

Shekarar da na gama jami'a a Yamai, na koma gida Gaya da diplom na ilimin sinadarai a cikin jaka, da kuma wata ɗabi'a da malamaina suka dasa mini: kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Ɗabi'ar ta yi mini rana a ɗakin gwaji. A tsakar gidanmu kuwa, saura kaɗan ta jawo wa ƴar yayata abin da nake gudar mata.

Yayata tana aure a Bengu, kuma da yake cikin fari ne, ta zo gida haihuwa kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya a matanite, wato asibitin haihuwa, ranar wata Alhamis, ta sami ƴa mace. Jego a gidanmu aikin Kaka ne, wato mahaifiyar mahaifiyata. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita kuma ke sa wa jariri kwalli. Duk wanda aka haifa a zuriyarta ya sha tsinken tandunta, har da ni. Takan cika wa jariri ido da shi, ta ja masa gira biyu baƙi ƙirin, wai ido ya yi haske kuma bakin mutane ya zame.

A wannan karon an yi dace tandun ya ƙare, sai ta aika kasuwa a sayo mata sabon dutsen kwalli. Ranar Asabar da hantsi na tarar da shi a kan ƙaramin dutsen niƙanta. Launinsa toka-toka ne, yana ƙyalli kamar fasasshen madubi, ya fi girmansa nauyi, kuma inda ya ɓalle ya bar ƙananan matakai masu kusurwa. Na taɓa riƙe irinsa a ɗakin gwaji. Shi ne dutsen da ake fitar da dalma daga cikinsa.

Na durƙusa na gaishe ta, sannan na shiga bayani. Na ce mata dalma guba ce wadda ba ta da ɗanɗano kuma ba ta yin gaggawa. Jariri yakan murza ido ya kai hannu baki, hawaye ma yakan gangara da kwallin ta hanci zuwa maƙogwaro, kuma cikin yaro ya fi na babba saurin tsotse ta. Idan ta shiga jini sai ta taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan ginuwa, yaro ya tashi da nauyin fahimta ko ƙarancin jini, ba tare da kowa ya ga ranar da abin ya faru ba. Idan ta yi yawa takan kawo ciwon ciki da amai, har da jijjiga. Na ƙara da cewa masana ba su san wani ɗan kaɗan da za a ce ba ya cutarwa ba.

Da a nan na tsaya, da na yi kyan kai. Amma sai gaskiya ta ci gaba da tsikarata. Na ce mata ba kowane kwalli ne ke da dalma ba, akwai na baƙin hayaƙi. Na ce ban gwada wannan dutsen ba, kamanni kawai na gani, don haka mai yiwuwa ne, ko kuma in ce akwai kyakkyawan zato. Na ce ba duk yaron da aka sa wa ne za a ga alama a jikinsa ba.

Kaka ta saurare ni har ƙarshe tana tsince ƙasa daga jikin dutsen. Tsakanina da ita akwai wasan jika da kaka, maigida take ce mini.

“Maigida,” in ji ta, “na ƙirga. Ka ce ‘wataƙila’ sau biyar, ka ce ‘mai yiwuwa’ sau uku. Ni kuwa na sa wa ƴaƴa tara da jikoki ashirin da ɗaya, ban da wataƙila. Kai kanka da shi na buɗe maka ido, ga shi har ka ciwo takarda a Yamai. Ko da ban sa maka ba da ka ciwo biyu?”

Na amsa mata cewa wannan tambaya ce da ba a iya gwadawa, tunda ba a sake haihuwar mutum. Matan da suka zo barka suka yi ta dariya har da tafawa. Kaka ta yanke hukunci: za ta niƙa dutsen gobe Lahadi bayan wankan safe, domin ba za a fito da tattaɓa-kunnenta ranar suna da ido fari kamar na kifin da ya kwana a kasuwa ba. Yayata tana cikin ɗaki tana ji, kunyar ƴar fari ta hana ta cewa uffan. Daga baya da na kai mata ruwa ta tambaye ni a hankali ko da gaske nake. Na ce da gaske nake. Ta ce to in da gaske nake, in daina magana kamar mai neman afuwa.

Wanda ya warware lamarin ƙanen mahaifiyata ne, Kawu, kuma ba da nufin taimakona ya yi ba. Sana'arsa gyaran batir ɗin kamyon, a bakin tashar da manyan motoci ke jeruwa kafin su haye gada zuwa Malambil. Batir ɗin da ya mutu murus yakan kawo shi gida, ya fasa shi a kusurwar tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, ya narka farantan cikinsa a wani tsohon kaskon ƙarfe, ya zuba a mazubin yumɓu. Abin da ke fitowa shi ne ƴan dalmar da masunta ke ɗaurawa a bakin birgi, wato ragar jifa, don ta nutse da sauri. Masuntan bakin kogi, har na ƙetare, sun san hannunsa.

Da ya dawo cin tuwon rana aka ba shi labari, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce shi ya fi shekara ashirin yana cuɗanya da dalma, ya san ta kamar yunwar cikinsa. Dalma laushi gare ta, ana lanƙwasa ta da yatsa, farce ma yana shiga jikinta. Wannan dutse kuwa in an buge shi tarwatsewa yake yi kamar gishirin Foga. Ya ce lakwal, wato makarantar boko, ta cika wa yara kai da tsoro, kuma shi zai raba gardama kafin tuwonsa ya huce.

Ya ɓalli ɗan guntu daga dutsen Kaka, bai kai ƙwayar wake ba. Ya sami gawayi mai faɗi ya ƙwaƙule masa rami, ya ajiye guntun a ciki, ya ɗora a kan garwashi, ya kama zugazugi. Ni kuwa na shiga ruɗu. Na san hayaƙin da zai tashi shi ma guba ne, don haka na rufe wa yayata ƙofa da taga, na roƙi mata su koma bayan iska. Ba na ba kowa shawarar ya maimaita abin da aka yi ran nan. Kaka ta jawo kujerarta ta zauna inda na nuna mata, tana cewa yau maigidanta ya zama jandarma.

Da farko guntun ya yi ta fashe-fashe yana tsalle. Sai wari ya tashi irin na kan ashana. Kawu yana zuga yana ba'a, yana tambayata ko a Yamai an koya mana yadda ake tatsar nono daga dutse. Can sai ba'ar ta tsaya, zugar kuma ta ci gaba. A cikin ramin gawayin wani ɗigo ya taru yana rawa yana sheƙi. Kawu ya juye shi a kan tubali, ya bari ya huce, ya danna masa farce, farcen ya shiga. Ya sa guduma, ɗigon ya baje bai fashe ba. Ya karɓi kaye, wato littafin rubutu, da ke hannuna, ya goga ɗigon a shafi, ya bar layi mai launin toka. Har yau shafin yana nan.

Kawu mutum ne mai yawan surutu, amma ba ya ƙarya a kan sana'arsa. Ya juya ya fuskanci mahaifiyarsa.

“Inna, dalma ce,” ya ce. “Irin tawa ce sak.”

Kaka ta sa aka miƙo mata ƙwayar a kan ganyen mangwaro. Ta daɗe tana kallonta. Na shirya jin wata sabuwar gardama, har na fara jera amsoshi a zuci. Sai ta ɗaga kai, ba ni ta kalla ba, kusurwar Kawu ta kalla: kaskon ƙarfen, da ɓawon batir da aka jibge, da ƙasar wurin da ta yi fari-fari, da kaji suna tono a ciki, da tabarmar da ake shanya gero taku kaɗan daga nan.

“Maigida, in wannan ƴar mitsitsiyar ce za ta raba ni da tanduna, shi wancan da yake kwasarta da ludayi fa? Nan da wata bakwai yarinyar nan rarrafe za ta yi, kuma duk abin da ta tsinta baki za ta kai. Ka ba ni amsa, kuma in na ji ‘wataƙila’ zan jefe ka da takalmi.”

Kunya ta kama ni, domin a gindin kaskon nan na girma, na kuma karanta a takarda cewa fasa batir a cikin gida yana daga manyan hanyoyin da dalma ke kama yara, amma sabo ya rufe mini ido. Na hango dutsen da ya shigo jiya, na kasa ganin kaskon da ya shekara ashirin. Na haɗiye duk wani sharaɗi da ya taso mini, na ce mata wancan ya fi haɗari. Hayaƙinsa ana shaƙa, ƙurarsa tana kwanciya a ƙasa da abinci da tufafi, kuma ba ta ruɓewa. Na ce shi kansa Kawu ba ta ƙyale shi ba, domin a jikin babba takan taɓa ƙoda, ta hau da jini.

Kawu ya ce shi da ya zo raba faɗa, ga shi an kama shi da kokawa. Kaka ta ce laifi tudu ne, kuma ta ba shi zuwa jajibirin suna ya fitar da kaskonsa daga gidan.

Kwana uku muka yi muna aiki. Kawu ya sami wata rumfa can bayan tasha, nesa da gidaje, ya kwashe kayansa a amalanke yana ƙunƙuni. Muka yayyafa wa ƙasar kusurwar ruwa don kada ta tashi, muka kankare ta da shebur har kusan taƙi guda, muka ɗura a buhuna aka fitar, sannan aka kawo yashin kogi aka zuba. Kaka ta kafa doka cewa rigar aikin Kawu a rumfa za ta riƙa kwana, kuma ba zai ɗauki jaririya ba sai ya yi wanka da sabulu. Yayata ma ta ajiye nata kwallin, bayan na gaya mata cewa abin da ke jinin uwa yana iya bin nono. Dole in faɗi abin da bai gyaru ba. Kawu yana nan yana narka dalmarsa, kuma awon jinin da ya yi mini alkawari, wanda shi kaɗai ke nuna yawan abin da ya shiga jiki, har yanzu wai sai ya sami zuwa Yamai.

Ranar suna aka fito da yarinya da ido ba kwalli, ba gira. Dangin uba da suka zo daga Bengu da ɗaurin rake suka fara ƙus-ƙus, wata gwaggo ta tambaya ko kwalli ya yi tsada a Gaya ne a kawo gudummawa. Kaka ta ciro wata ƴar kwalbar magani daga bakin zanenta, ƙwayar dalmar tana ƙara a ciki, ta sa aka zagaya da ita hannu zuwa hannu. Ta ce ita ba za ta je neman gira ta rasa ido ba. Ta ba da labarin tun daga farko, kuma a bakinta ita ce ta fara zargin dutsen, ita ta sa ɗanta ya gwada, maigidanta kuwa yana gefe yana rufe tagogi. Na buɗe baki zan gyara tarihin, yayata ta taka mini ƙafa.

Bayan watanni yayata ta kawo yarinyar ganin gida. Aka ajiye ta a tsakar gida, ta nufi gindin mangwaro da rarrafe, ta damƙi yashi ta kai baki kafin a cim mata. Kaka ta ƙwaƙule mata bakin da yatsa, ta ɗora ta a cinya, ta dube ni.

“To, lokotoro, an bar kwalli, an kori kasko. Yanzu za ta yi ƙwaƙwalwa?”

Na ce da farko ni ba lokotoro ba ne, ban karanta aikin likita ba. Na biyu, ƙwaƙwalwa abubuwa da yawa ke gina ta, ba zan iya yin alkawari ba. Abin da zan iya cewa shi ne mun toshe ƙofofi biyu da muka sani.

“Kin ji shi ko?” Kaka ta ce wa yarinyar, tana share mata yashi daga haɓa. “Yi sauri ki girma ki koya masa magana.”