Saje Garba Bai Ɗaure Kaya Ba

Ranar wata Litinin ce cikin watan azumi, a ƙarshen shekarar 1969, ina aji huɗu a makarantar boko. Na fito daga ɗaki da rigar makaranta a jikina, sai na tarar tsakar gidanmu na unguwar Nima, a birnin Accra na ƙasar Ghana, ta cika da ƙunshin kaya. Mahaifiyata ta naɗe tabarmi ta ɗaure su da igiya, ta kife tukwane cikin babban kwanon wanki, an kwance kan keken ɗinkin babana an nannaɗe shi da tsohon zane. Gwamnati ta yi sanarwa a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu, kuma saura 'yan kwanaki wa'adin ya cika. A gidanmu babu mai takarda, ko ta haihuwa. Ina tsaye ina kallon kayan, sai ƙofar ɗakin kakana ta buɗe. Ya fito sanye da kakin soja mai warin akwati, wanda ban taɓa ganinsa a jikinsa ba, lambobin yaƙi jere a ƙirjinsa, takalminsa yana ƙyalli. Ya dubi kayan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wa ya ce ku ɗaure? A kwance su."

Sunansa Garba, amma kowa a unguwa Saje yake ce masa, gidanmu ma Gidan Saje ake kiransa. An haife shi a wani ƙauye cikin ƙasar Zazzau. Yana saurayi ya biyo fataken goro da ƙafa, yana kora musu jakuna, suka yi watanni a hanya kafin su iso Salaga, daga nan Kumasi. Da ayarin ya juya gida shi bai juya ba, ya ce sai ya ga teku tukuna. Ya sauka a Sabon Zongo na Accra wajen wasu mahauta, ya yi musu aikin fiɗa na 'yan shekaru, sannan ya shiga soja, don a lokacin Hausa ce harshen bariki, kuma ana son dogaye irinsa. A kasuwa ya haɗu da kakarmu Adiza, 'yar kabilar Ga daga bakin teku, tana sayar da busasshen kifi. Danginta sun ƙi shi da farko, suka ce ba za su ba baƙo mai bindiga 'yarsu ba. Ita kuwa ta kafe, ta musulunta, aka ɗaura aure, ta haifa masa ɗa guda, shi ne babana. Har ta tsufa takan ce, "Tsayinsa na gani, ban san taurin kansa ya fi tsayin ba."

Babana yana yaro aka kwashe sojoji zuwa ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu. Kaka ba ya son yawan maganar yaƙin. Abin da muka sani tsintarsa muka yi kaɗan-kaɗan, idan yana gyaran takalmi ko yana ɓare goro: kwanaki masu yawa cikin jirgin ruwa, dajin da rana ba ta sauka ƙasa, ruwan sama da ba ya ɗaukewa, matsattsaku da ke maƙale wa mutum a ƙafa har cikin takalmi. A can ya rasa yatsu biyu na hannun hagu, ranar da ya goyo wani soja Bafrafre, mutumin arewacin Ghana, da aka harba ya tsallake rafi da shi. Idan muka matsa masa ya ba mu labarin harbi, sai ya ce, "Ba abin daɗi ba ne. Ku je ku yi shara."

Da aka sallame shi, abokansa da yawa suka koma garuruwansu. Shi ya sami labarin iyayensa sun rasu, ga mata da ɗa a Accra, sai ya nemi inda zai kafa gidansa na kansa. Nima a lokacin jeji ce, ƙaya da ciyawa, bukkoki tsilli-tsilli da shanu suna kiwo. Ya kai gaisuwa wajen dattawan wurin da goro da rago, suka nuna masa fili, ya sa aka rubuta masa shaida. Da adda ya share shi, shi da kakarmu, ita tana tara ƙaya tana ƙonawa. Ya buga tubalin ƙasa ya gina ɗaki biyu, ya rufa da kwano, ya haƙa rijiya, ya dasa darbejiya a ƙofar gida. Daga baya duk baƙon da ya sauka daga mota bai san kowa ba, sai a ce masa ya nemi Gidan Saje. 'Yan kabilar Dagomba sun zauna a gidanmu, da Zabarmawa, da Mosi, da Kotokoli. Ɗakuna suka yi ta ƙaruwa har tsakar gidan ta matse, unguwa kuma ta kewaye mu ta ko'ina.

A cikin wannan gida na buɗe ido. Mu jikokinsa biyar ne, ni ce ta biyu, kuma kowa da aikinsa. Nawa shi ne sharar tsakar gida da bin layin famfo, don ruwan rijiya na wanki ne kawai. Bayan haka in kai waken kakarmu injin niƙa, saboda ta daina kifi ta koma koko da ƙosai a bakin hanya. Da yamma mu tafi makarantar allo, in an tashi mu 'yan mata mu tsaya a lungu mu yi ampe, muna tafi muna tsalle muna wurga ƙafa, har sai an leƙo an kira sunan mutum da ƙarfi. Ni da ƙawata Rabi, 'yar maƙwabtanmu, ba a cin mu a wannan wasa. Ran Asabar da safe kuwa Kaka yakan jera mu gindin darbejiya ya yi mana fareti, ya duba farce da haƙora da bayan kunne. Ni yakan kira ni amaryarsa, amma wannan bai taɓa hana shi mayar da ni in sake wanke ƙafa ba. Hausarmu ta zango tana ba shi haushi, mu da muke cakuɗa ta da harsunan Twi da Ga, kuma ba ruwanmu da mace ko namiji. In na ce masa, "Kaka Adiza ya dawo," sai ya ɗaga gira ya ce, "Yaushe matata ta zama namiji ban sani ba?"

Sanarwar korar baƙi ta birkita unguwar cikin 'yan kwanaki. Mutane suka baza gadaje da kwanuka a bakin hanya suna neman mai saye, manyan motoci suna cika suna tashi da mata da yara a saman kaya. Su Rabi sun tafi ran Asabar, ban ma samu na yi mata sallama ba, na dawo daga famfo na tarar da ɗakinsu a buɗe babu kowa. Babana ya yanke shawara mu ma mu tafi. A ganinsa gara mutum ya fita da ƙafarsa da kayansa, da a zo a jefa shi mota da rigar jikinsa. Kakarmu, wadda ba ta taɓa yin nisa da teku ba, ta ce duk inda mijinta ya sa ƙafa nan za ta sa tata. Ni kuwa kuka nake yi a ɓoye. Ban san Zazzau ba, ban san kowa a can ba, kuma malamarmu ta ce in na dage zan iya zuwa sakandare.

Da Kaka ya ce a kwance kaya a wannan safiya, babana ya durƙusa ya ce, "Baba, doka ce. Ba mu da takarda." Kaka ya ce, "To sai mu je a ba mu. Ni na share wurin nan da hannuna, ba zan fita daga cikinsa kamar ɓarawo ba." Wani maƙwabcinmu da ya leƙo ya ba shi shawara a hankali, ya ce idan an tambaye shi ya ce a arewacin Ghana aka haife shi, mutane da yawa sun faɗi haka sun tsira. Kaka ya ce, "Da azumi a bakina? Ko babu azumi ma, ba zan canza wa uwata gari ba." Ya shiga ɗaki ya fito da wani gwangwani, a ciki akwai littafin sallamarsa daga soja da takardar shaidar fili. Ya ce kowa ya sa kayansa masu kyau, duka za mu tafi, har jaririn da ke bayan mahaifiyata.

Da ƙafa muka tafi, shi a gaba, kakarmu a bayansa, sai babana da mahaifiyata, sai mu yara bisa tsayi. Rana ta yi zafi, manya duk suna azumi, amma bai yarda mu hau mota ba, ya ce yana so gari ya gan mu. Kuma an gan mu. Masu kaya a bakin hanya suka riƙa tsayawa suna kallo, wani tsoho a unguwar Adabraka ya miƙe daga kan benci ya sara masa. Muka isa ofishin muka tarar da layi har waje, muka bi, ba mu kai ga tebur ba sai bayan azahar. Kaka bai zauna ba ko sau ɗaya.

Akawun saurayi ne, ya gaji, ko ɗaga kai bai yi ba ya tambayi inda aka haife shi. Kaka ya faɗi sunan ƙauyensu da ƙasar Zazzau. Na ga babana ya runtse ido. Akawun ya ce, to ai shi baƙo ne, ya tura gwangwanin gefe ya kira na gaba. Kaka bai motsa ba. Ya buɗe littafin sallamar ya ajiye a gabansa, ya ɗora hannunsa na hagu a kai, mai yatsu uku. Cikin Turancinsa na bariki ya ce lokacin da aka zo ɗibar sojoji daga wannan ƙasa ba wanda ya tambaye shi takardar zama. Sai kakarmu ta matso, ta fara yi wa akawun magana da harshen Ga, da murya irin wadda take kiran mu da ita daga lungu. Ta faɗi sunan gidan ubanta a bakin teku, da sunan kakanta mai kwalekwale, ta nuna babana ta ce ita ta haife shi a garin nan, ta tambaye shi ko jikokinta ma baƙi ne. Kowa a ofishin ya juyo yana kallonta.

Hayaniyar ce ta fito da babban jami'in wurin daga ɗakinsa, wani dattijo mai furfura da tabarau. Ya dubi lambobin da ke ƙirjin Kaka, ya ɗauki littafin ya karanta a tsanake, shafi bayan shafi. Sai muka ji ya ce da Hausa, "Sannu, Saje." Ashe shi ma ya yi aikin akawu a soja lokacin yaƙin. Kaka ya ƙame ya sara masa, shi ma ya mayar. Ya bi mu da kallo, ya tsaya a kaina saboda rigar makaranta, ya tambaye ni da Turanci ni 'yar ina ce. Na ce, "Nima, Gidan Saje." Ya yi dariya, ya karɓi takardun ya shiga ciki. Ba a daɗe ba aka kira Kaka, ya fito riƙe da takardar zama mai hatimi, aka kuma rubuta mu duka a matsayin haifaffun ƙasa.

A dawowa ya yarda muka hau mota. Kafin mu sauka labari ya riga mu isa, mata suna guɗa a ƙofar gida. Mahaifiyata ta kwance igiyar tabarmi tana kuka tana dariya, babana ya mayar da kan kekensa tun kafin ya cire hula. Kakarmu ta soya ƙosai kwano guda ta aika mu gida-gida da shi don buɗa baki. Kaka kuwa bai cire kakin ba sai da wa'adin ya cika. Kullum da safe yakan raka 'yan hayarmu da maƙwabta zuwa ofishin ya tsaya musu shaida. Wasu sun samu, wasu ba su samu ba, ya raka su tasha da kansa. Sallar wannan shekara unguwa rabi ce, amma mun yi ta a gidanmu, kuma shi ya ja mu zuwa idi. Rabi ba ta dawo ba, har yau ban san inda ƙasa ta kai ta ba.

Kaka ya rayu har ya ga na gama kwalejin horon malamai. A Accra ya rasu, a nan aka binne shi, kakarmu ta bi shi bayan shekara biyu. Yanzu gidan ya zama bene, na yi ritaya daga koyarwa, ni ce tsohuwar da ake kawo wa gaisuwa. Ta taga nakan ji samarin unguwa suna hirar fasfo da biza, kowa da ƙasar da yake mafarki. Jikokina biyu suna cikinsu, kuma ba na ganin laifinsu, don rayuwa ta yi tsada, aiki ya yi wuya, shi ma wanda ya kafa gidan ai barin garinsu ya yi yana saurayi. Sai dai duk ranar da suka yi sammako zuwa bin layin neman izinin fita, nakan so a ce sun san mutumin da ya wuni tsaye da azumi a bakinsa don a bar mu mu zauna. Addu'ata ita ce duk inda suka sauka, su ma su kafa gida.