Katin Ɗakin 'Yar Fari

Muna idar da sallar asuba muka fara sauko da jakunkuna daga hawa na huɗu, a gidanmu da ke unguwar Morrisania a Bronx. Mu shida ne: ni, da uwar yara, da 'yata ta fari mai shekara goma sha bakwai, da ƙannenta maza biyu, ɗaya sha biyar ɗaya sha uku, sai 'yar ƙanwar matata, sa'ar babbar. Shekaru da yawa ina kai mutane filin jirgin sama na JFK ina ɗauko su a tasi, amma rabona da zama a kujerar baya har na manta. Wani abokin aikina ne ya zo da babbar mota ya kwashe mu. Tun daga unguwa har muka gangara Manhattan ina taka birkin da babu shi a ƙarƙashin ƙafata.

Babbar ce ta roƙi wannan tafiya. Ta gama sakandare, ta samu kwaleji a wani gari mai nisan awa biyar a mota, ƙarshen watan Agusta za ta bar gida. Ta ce kafin nan tana so mu zauna wuri ɗaya inda ba wanda zai ce ya tafi aiki. Shi ne aka zaɓi jirgin ruwan yawon shaƙatawa, kwana biyar, zuwa tsibirin Bermuda da dawowa.

Na sha wucewa ta bakin kogin Hudson ina hango waɗannan jirage, amma sai da na tsaya a gindin ɗaya na san girmansu. Kamar an ɗauki wani dogon gini na cikin gari an kwantar da shi a kan ruwa. Muka bi layi, aka duba fasfo, aka ɗauki hoton kowa, aka ba kowa katinsa mai ɗauke da sunansa. Wannan kati shi ne komai a cikin jirgi. Shi ne makullin ɗaki, da shi ake sayen abu, shi ake nunawa idan za a sauka ko za a hau, hoton mai shi ya fito a kwamfuta.

Ɗakuna biyu muka kama a hawa na takwas, suna kallon juna, babu taga. Dokar jirgin ita ce kowane ɗaki sai da babba a ciki, wannan kuwa ya zo daidai da tsarin gidanmu: ni da samari gefe, uwa da 'yan mata gefe. Sai da muka tsaya a bakin ƙofofi aka ga matsala. Babbar ta sa katinta a ƙofar mata, 'yar fitila ta nuna ja. Ta sake, ja. Autan ya sa nasa don wasa, ƙofa ta buɗe. Ya shiga ya haye gado yana cewa daga yau shi ne sarkin ɗakin mata, duk mai son shiga ta zo ta gaishe shi.

Laifin nawa ne. Wata biyu da suka wuce na kai wa mai sayar da tikiti na unguwarmu fasfunanmu, uku uku a ɗaure da roba, yadda na ciro su daga durowa. Shi kuma ya ɗauka kowane ɗauri ɗaki ne. Ni ban yi bayani ba, shi bai tambaya ba. A takarda, 'yata tana ɗakin maza, autan yana ɗakin mata.

Na ce su yi musanyar kati, magana ta ƙare. Ma'aikacin da ke gyara ɗakunanmu ya ji, ya ce kada mu fara, don kati na fuskar mai shi ne, ranar sauka za a tare su a ƙofa. Ya ce in je kantar baƙi a hawa na biyar, cikin minti biyar za a gyara. Na leƙa, na ga layi, na dawo na ce sai gobe. Kafin nan babbar ta riƙa bin uwarta ko 'yar'uwarta, ko ta ƙwanƙwasa.

Da la'asar jirgi ya yi wani irin kuka mai shiga ciki, muka tashi. Muka hau can sama muna kallon birnin da muke wahala a cikinsa yana ja da baya, shiru, kamar ba shi ne mai hon da cunkoso ba. Muka wuce mutum-mutumin matar nan mai riƙe da fitila. Da muka zo saitin Staten Island na buga wa wani ɗan garinmu waya, mai shago a Tompkinsville inda muke sayen daddawa da kuka, na ce ya fito ya ɗago mana hannu. Ya ce yana da masu saye, in ɗago wa kaina. Da jirgi ya zo shiga ƙarƙashin babbar gada sai da na sunkuyar da kai, yara suka yi ta dariya.

Abinci kuwa ba a magana. Wuri ne doguwar rumfa, ka ɗauki faranti ka yi ta tafiya. Mu kifi da shinkafa da ƙwai da ganye muka tsaya a kai, don hankalinmu ya kwanta. Uwar yara ta taho da yaji a kwalba cikin jakar hannu, kuma kafin kwana biyu wasu mata 'yan Jamaika da ke teburin kusa sun san hanyar kwalbar. Abin da ya ba ni mamaki, abinci kyauta ne ko sau goma za ka ci, amma lemon gwangwani ɗaya kuɗinsa ya ninka na shagon unguwa sau uku. Na ce wa samari ruwa ma abin sha ne. Salla ce ta ɗan ba mu aiki. Ka duba alƙibla a waya, ka shimfiɗa darduma tsakanin gado da gado, kafin ka yi sallama jirgi ya karkata. Muka yi iya ƙoƙarinmu, Allah ya san niyya.

Gobe ta zo ban je kantar baƙi ba. Na ce layi bai ragu ba, amma gaskiya ba layin nake gudu ba. Na san abin da za a tambaye ni.

Ita wannan yarinya 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata marigayiya aka sa mata. A inda na tashi, mutum ba ya kama sunan ɗansa na fari, balle sunan wadda ta haife shi. Ummi muke ce mata. Ranar suna ma yayana ne ya raɗa wa liman, ni ina can waje ina raba goro. Uwarta kuwa abin ya yi mata biyu, 'yar fari ga sunan suruka. Shekara goma sha bakwai, a asibiti da makaranta, duk inda aka ce mene ne sunanta, sai mu miƙa takarda. Da ta yi wayo ita take faɗa da bakinta. Mun saba, har ba ma lura.

Da azahar ta rana ta biyu, muna tsakiyar teku ba ƙasa ko ta ina, na dawo daga sama na tarar da ita zaune a ƙasa a bakin ƙofar mata, takalmi a hannu. Uwarta jiri ya kama ta, ta sha magani ta yi barci mai nauyi. 'Yar'uwarta ta tafi kallon wasa. Autan, mai katin, yana wurin ninkaya.

Na ce, "Ummi, me kike yi a ƙasa kamar mai jiran likita?"

Ta fara amsawa da Turanci yadda suka saba, sai ta tsaya, ta juya zuwa Hausarta mai ɗan karkata. "Baba, awa ɗaya ke nan. Nan da wata biyu makullin ɗakina zai kasance a hannuna, a garin da ba ka taɓa zuwa ba. A nan ko ƙofa ban isa in buɗe ba?"

Na ce ba rashin yarda ba ne.

Ta ce, "To mu je."

Muka sauka hawa na biyar muka shiga layi. Da aka zo kanmu, wata ma'aikaciya 'yar Filifin mai fara'a ta saurare ni. Turancina na tasi ne, amma ya isar da saƙo. Ta ce abu ne mai sauƙi, sai dai tunda yarinya ba ta kai sha takwas ba, ni ne zan nemi canjin, kuma ni zan faɗi cikakken sunanta don ta tabbatar ni ne uba.

Na ce, "Ummi."

Ta duba kwamfuta, ta ce babu mai wannan suna a ɗakin.

Na juya na ce wa yarinya ta miƙa katinta. Ta ce, "Yana cikin ɗakin da ba na iya buɗewa." Na ɗan dube ta, irin duban da ta sani, mai nufin ke ki faɗa mata mana. Ta harɗe hannu ta kalli takalmanta. "Baba, kai aka tambaya."

Ba da tsiwa ta faɗa ba. A hankali ta faɗa, kuma a nan na gane ba katin kaɗai take jira ba. Ita a Bronx aka haife ta. Iyayen ƙawayenta suna kiran sunayensu daga tsallaken titi. An sha yi mata bayani cewa girmamawa ce, amma bayani daban, abin da kunne bai taɓa ji ba daban.

Na buɗe baki, ya ƙi. Fuskar mahaifiyata kawai nake gani. Wani dattijo a bayana ya yi tari. Ma'aikaciya tana murmushi tana jira.

Na ce ta ara mini biro da takarda.

Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin manya ranar Asabar da safe a ɗakin karatu na unguwarmu, don ni allo na yi, ban yi boko ba. Na rubuta sunana ya fi sau ɗari, na rubuta adireshi, na rubuta sunayen tituna. Wannan suna ban taɓa gwada shi ba. Na kwantar da takarda a kan kantar, na dafe ta da hagu, na fara. Jirgi yana lilo. Baƙi ɗaya, in ɗaga biro, in sake ɗaya. Ban yi sauri ba, ban kuma bari tarin dattijo ya sa ni sauri ba. Da na gama na ƙara sunana a gaba, na juya takarda na tura mata.

Ma'aikaciya ta karanta shi da ƙarfi, da irin bakinsu. Na kau da kai ina kallon wata tukunyar fure. Na'ura ta yi 'yar ƙara ta fito da kati sabo, ta kuma fito da na autan. Ma'aikaciya ta ɗauki takardar za ta jefa a kwando, sai yarinya ta miƙa hannu ta ce a ba ta.

Ni da yarinya muka shiga lifta, muka wuce hawa na bakwai. Ta ce, "Baba, rubutunka ya fi na autanmu kyau." Na ce wannan ai ba yabo ba ne. Ta sa kati a ƙofa, fitila ta nuna kore.

Uwarta ta farka, ta ga kati, ta dube ni. "Malam, ka faɗa?"

"Ban faɗa ba."

"To ya aka yi?"

"Biro ne ya faɗa."

Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ashe inda makarantar Asabar za ta kai mu ke nan." Autan kuwa ya yi ta ƙorafin an tuɓe shi daga sarauta ba shawara.

Daga nan na kafa doka, kuma ta zauna: kowa da katinsa a wuya, ba aro, ba a shigo da baƙo ɗaki, kuma duk inda mutum yake a haɗu a bakin ƙofofin nan lokacin kowace salla. Ba wanda ya saɓa, sai na tsakiyan sau ɗaya, shi ma wurin askirim aka samo shi.

Bermuda ƙaramin wuri ne mai tsabta. Gidaje kala-kala, amma rufin kowa fari fat, an yi masa matakai. Direban bas ya ce ruwan sama suke tarawa da shi, don ba su da kogi. Ta hagu suke tuƙi, hanyoyi kuma siraran gaske, na yi ta yi wa direban addu'a a zuci irin ta abokan sana'a. Na ga manyan mutane da kwat da taye da gajeren wando da doguwar safa suna tafiya ofis, ba wanda ya kalle su sai mu. Yashin bakin teku yana da ɗan ja-ja. 'Yan mata suka shiga ruwa da dogayen rigunansu, uwar yara ta tsoma ƙafa ɗaya ta ce ta ga teku. Kaya akwai tsada, komai a jirgi ake kawo musu. Miyar kifinsu ta yi daɗi, da yajinmu ta fi.

Da hantsin rana ta shida muka sake shigowa ƙarƙashin gadar nan, wannan karon ban sunkuya ba. Abokin aikina yana jiranmu, hon da cunkoso suna nan inda muka bar su. Kafin azahar muna hawa na huɗu, uwar yara ta ɗora tukunyar tuwo tun ba ta cire mayafi ba.

Abin da na koyo, ga mai shirin irin wannan tafiya da yara matasa: ka faɗa wa mai tikiti wa da wa za su kwana ɗaki ɗaya, kada ka bar roba ta yi maka magana. In an samu kuskure ka gyara ranar farko. Sauran kuwa nawa ne. Kunyar da na gada ban yar da ita ba, kuma ba na jin zan yar. Amma na gane na bar yarinya tana ta cike mini gurbi tun tana ƙarama, ban taɓa tambayar yadda abin yake a wajenta ba.

Jiya na wuce ta falo tana shirya akwatin kwaleji, wayarta a kife kan tebur. A bayan wayar, cikin marfin roba mai nuna ciki, ga katin ɗakin jirgi, ga 'yar takardar nan a ninke, baƙaƙena karkatattu suna kallon waje. Na ce, "Ummi, an kira salla." Ta ce, "Na ji, Baba," da Hausa.